Filin Tambayoyinku: Yi wa kanel faci alhali kwamfuta tana kunne

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suke zagayawa, wato yadda ake taɓa kod ɗin kanel yana tsaka da aiki, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Ga wanda bai saba da kalmar ba, kanel shi ne zuciyar babbar manhajar kwamfuta, shi ke raba memori, shi ke cewa wane aiki zai hau firosesa yanzu wane zai jira, shi ke magana da faifai da katin sadarwa. In manhajar sama ta faɗi rufewa za ka yi ka sake buɗewa, in kanel ya faɗi kuwa to kowa ya faɗi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ke kula da sabobi a wurin aikinmu, duk sanda aka ce an gano ɓaraka a Linux sai an yi ta ja-in-ja da ni kan yaushe za a kashe a kunna. Na ji wai ana iya saka gyaran ba tare da ristatin ba. Gaskiya ne ko tallan kamfanoni ne kawai? In gaskiya ne ta yaya?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba. Ksplice ya fito a 2008 daga hannun Jeff Arnold a jami'ar MIT ta Amurka, Oracle ta saye shi a 2011. A 2014 SUSE, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke rarraba Linux, ta fito da nata mai suna kGraft, Red Hat ma ta fito da kpatch kusan lokaci ɗaya, daga baya ɓangarorin biyu suka haɗa kai aka saka tushen abin a cikin Linux kansa a fitowa ta 4.0 cikin 2015 da sunan livepatch. Canonical masu Ubuntu sun fara nasu a 2016.

Yadda yake aiki kuwa, mutane da yawa suna zaton ana goge tsohon kod ne a rubuta sabo a gurbinsa, a'a, tsohon yana nan inda yake ba wanda ya taɓa cikinsa. Kod ɗin kanel a rarrabe yake gida-gida, kowane gida ana ce masa fankshin, kowanne da aikinsa da kuma ƙofar da ake shigarsa. Tun lokacin da ake harhaɗa kanel ɗin, kwamfaila, wato manhajar da ke juya kod ɗin da mutum ya rubuta zuwa harshen inji, tana barin wani ɗan gurbi a bakin ƙofar kusan kowane fankshin, a kwamfutocin x86 masu bit 64 faɗinsa bayit 5 ne, kuma da kanel ya tashi sai ya cike gurbin da umarnin NOP, wato umarnin da ke cewa kada ka yi komai, wuce. Asali an bar gurbin ne saboda ftrace, kayan bin diddigin da Steven Rostedt ya rubuta. To livepatch sai ya hau kan wannan. Ana kawo gyararren fankshin a cikin mojul, wato ɗan guntun kod da ake iya ƙara wa kanel yana gudu, a loda shi a wani wuri daban a memori, sannan a canza NOP ɗin bakin tsohuwar ƙofa ya zama kira zuwa ftrace, shi kuma ftrace duk wanda ya zo shiga sai ya juya shi zuwa sabon gida. Kenan abin da aka taɓa a tsohon kod bai wuce bayit 5 ba.

Amfaninsa zai fi fito maka in ka tuna Dirty COW, ɓarakar da aka bayyana a Oktoban 2016 bayan ta shekara 9 kwance a cikin kanel, wadda ke ba ƙaramin mai amfani damar zama mai cikakken iko a kan na'ura. Gyaranta layuka ne kaɗan, amma in sabobinka ɗari ne kuma kowacce sai an nemi izini kafin a kashe ta, to kwanakin da za ka yi kana jira duk a buɗe kake. Irin wannan gurbin faci mai rai ke cikewa. Sai dai ka bi ni zuwa tambayoyin ƙasa, don bayit 5 ɗin nan da na faɗa kamar abin wasa, a kansu duk wahalar take.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗaliba ce ina koyon rubuta mojul. Na so in karkatar da wani fankshin zuwa nawa, sai na kashe bit ɗin WP mai hana rubutu a kan kod, wanda ke cikin rijistar firosesa mai suna CR0, na kwafa umarnin tsalle mai bayit 5 a farkon fankshin ɗin, na mayar da WP. A kwamfutar gwaji da na ba ta firosesa ɗaya yana aiki lafiya lau, amma a ta gaske mai 8 wani lokaci ya yi aiki wani lokaci komai ya daskare. Na duba kod ɗina ya fi sau ashirin ban ga kuskure ba. Dan Allah ina matsalar take?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, kuma zan daɗe a kanta don ita ce uwar sauran. Ba za ki ga kuskuren a kod ɗinki ba ko sau ɗari kika duba, saboda ba a abin da kika rubuta yake ba, yana wurin waɗanda ke tsaye a kan kod ɗin a daidai lokacin da kike rubutawa. Firosesar zamani kawuna gare shi, naki 8, kowane kai yana karanta umarni da kansa ba ya jiran ɗan'uwansa. Ke kina kan kai ɗaya kina rubutu, sauran 7 suna ta gudu, kuma ba abin da ya hana ɗaya daga cikinsu shiga fankshin ɗin nan a tsakiyar rubutunki.

Bari mu sa ido kusa. A ce a bakin ƙofar akwai NOP mai bayit 5, a rubuce shi ne 0F 1F 44 00 00. Ke kina son ki mayar da shi tsalle, wanda ke farawa da E9 sai bayit 4 na nisan da za a tsallaka. Kin rubuta E9, ba ki kai ga sauran huɗun ba, sai wani kai ya iso. Abin da zai gani shi ne E9 1F 44 00 00, kuma a wurinsa wannan cikakken umarni ne mai ma'ana, yana cewa yi tsalle gaba da bayit 17,439. Zai yi tsallen kuwa ba musu, ya dira a tsakiyar wani kod da ba ruwansa da shi, da ikon kanel a hannunsa. In an yi sa'a ya faɗi nan take ki ga saƙon kuskure, in ba a yi sa'a ba ya ɗan yi tafiya yana ɓata bayanai sannan ya faɗi can gaba inda ba za ki taɓa danganta shi da facinki ba.

Wannan ma in NOP kika taka kenan. In kuwa ainihin umarnan farkon fankshin kika rufe, to akwai rami na biyu. A x86 tsawon umarni ba ɗaya ba ne, daga bayit 1 har 15. Fankshin da yawa suna farawa da umarni mai bayit 1 sai mai bayit 3 ya biyo, kenan tsallenki mai bayit 5 ya hau kan umarni fiye da ɗaya. To ki ɗauka wani aiki ya gama umarnin farko sai aka dakatar da shi aka ba wani aikin firosesa, yana can yana jira, adireshin da zai dawo shi ne bayit na biyu. Kin zo kin yi facinki tsaf kin gama. Da ya farka sai ya ci gaba daga bayit na biyu, wanda yanzu tsakiyar lambar nisan tsallenki ne, ya karanta ta a matsayin umarni. Wannan ko da kai ɗaya yana iya faruwa, kawai dai ba ki ci karo da shi ba ne a gwaji.

Na uku, firosesa ba ya jiran sai ya iso umarni kafin ya ɗauko shi, yana ɗebo na gaba tun da wuri ya fara fassara su. Littafin Intel na masu rubuta manhaja ya yi magana a fili kan wannan, cewa in wani kai ya canza kod ɗin da wani kai zai gudanar, dole wanda zai gudanar ya bi ta wani umarni mai tilasta masa zubar da abin da ya riga ya ɗebo, irin su CPUID ko IRET, kafin ya taɓa sabon kod ɗin. Ke ba ki sa kowa ya yi haka ba.

Sai batun WP ɗin kansa. CR0 ba ɗaya ba ce ga duk na'ura, kowane kai da tasa. In kika kashe WP a kai na 2 sannan aka ɗauke aikinki aka mayar kai na 5 kafin ki yi rubutun, to a can kariyar tana nan, rubutun zai faɗi, shi kuma kai na 2 an bar shi ba kariya. Tun fitowa ta 5.3 ma Linux ya kafe wannan bit ɗin, in kika bi ta hanyar da aka tanada don rubuta CR0 zai mayar da shi ya kuma yi gargaɗi. Na san ana zagayewa, amma ki daina, gaskiya nake gaya miki. Kanel da kansa ba ya kashe kariyar in zai yi faci. Abin da yake yi tun 5.2 shi ne ya buɗe wata taga ta wucin gadi zuwa shafin memorin, tagar da kan da ke rubutun kaɗai ke ganinta, ya rubuta ta nan ya rufe, asalin shafin kuwa bai taɓa zama abin rubutawa ga kowa ba.

To ya kanel ke tsallake ramin farko? Da wata dabara da ni dai har yau tana burge ni. Akwai umarni mai bayit 1 tak, int3, a rubuce CC, wanda aikinsa shi ne duk kan da ya taka shi ya tsaya ya kira mai kula. Bayit 1 ba ya rabuwa biyu, ko dai a ga tsohon ko a ga sabon. Sai kanel ya fara dasa CC a bayit na farko kawai, ya aika wa duk kawuna saƙo kowa ya zubar da abin da ya ɗebo, ya jira sai kowa ya amsa. Daga nan ƙofar ta zama tarko, duk wanda ya zo zai faɗa hannun mai kula, shi kuma mai kula ya san ana aiki a wurin, sai ya yi masa abin da sabon umarnin zai yi ya sallame shi, ba wanda zai karanta bayit 4 na baya. Yanzu sai a rubuta su hankali kwance, a sake aika saƙo a jira kowa. Sannan a cire CC a sa ainihin bayit na farko na sabon umarnin, a sake aikawa karo na uku. Rubutu uku, jira uku. A kowane lokaci cikin wannan, abin da wani kai zai iya gani ɗaya ne cikin uku, tsohon umarni cikakke, ko tarko, ko sabon umarni cikakke, babu rabi da rabi. An daɗe ana kiran wannan da text_poke_bp a kod ɗin x86, ki nemo shi ki karanta, ba shi da tsawo.

Shawarata, kada ki sake rubuta wannan da hannunki, ba a ma buɗe wa mojul waɗancan fankshin ɗin ba kuma da gangan ne. In leƙe kike son yi ki ga me ke shiga fankshin, ga kprobes ga ftrace. In musanya shi kike son yi, ki bi ta livepatch, akwai misalai a cikin kod ɗin kanel a ƙarƙashin samples. Kuma ki ƙara wa kwamfutar gwajinki kawuna, ki sa mata aiki mai nauyi tana ta kiran fankshin ɗin yayin da kike facin, a nan ne gwaji ke zama gwaji.

TAMBAYA: Malam ni a ganina abin bai kai haka wuya ba, me zai hana a tsayar da kowa cak, a yi gyaran, a sake su?

AMSA: Ana yi ai, sunansa stop_machine, kuma da shi Ksplice da kpatch na farko suka dogara. Duk kawuna a tattara su wuri ɗaya a rufe musu katsewa, wato siginar da ke janye kai zuwa wani aiki, ɗaya ya yi rubutu sauran suna jira. Yana aiki, illarsa dai duk na'urar ce ke ɗauke numfashi, kuma yawan kawuna yawan jiran a tattaro su, ga saba mai aikin da ba ya son jinkiri ko kaɗan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan tsayar da kawuna bai taɓa waɗanda ke barci a cikin tsohon fankshin ba, suna nan, in sun farka a tsohon za su ci gaba. Dole a duba su ɗaya bayan ɗaya, in an samu ko guda a ciki a fasa a sake gwadawa anjima.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na loda faci a wata saba, mojul ya shiga ba kuskure, amma fayil ɗin transition da ke ƙarƙashin /sys/kernel/livepatch ya tsaya a 1 ya ƙi komawa 0. Na ga akwai wani fayil mai suna force a gefensa, in danna shi kawai?

AMSA: Tare da naka. Dakata tukuna, kada ka taɓa force sai ka san wa ake jira da dalilin jiransa. Wannan 1 ɗin ba lalacewa ba ce, kanel ne ke gaya maka akwai aikin da bai ƙaura zuwa sabon kod ba har yanzu.

Ga dalilin da ya sa ake ƙaura ɗaya-ɗaya. A ce faci ya canza fankshin biyu, na waje da na ciki, a sabon tsari na waje ne ke kama makulli, wato abin da ke hana ayyuka biyu taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, na ciki ya saki, a tsohon tsari kuwa ba makullin sam. In wani aiki ya riga ya shiga tsohon na waje, sannan ya zo kiran na ciki aka juya shi zuwa sabo, to zai saki makullin da bai taɓa kamawa ba. Ba bayit ɗin da aka rubuta ba daidai ba, amma ɓarna ta auku. Don haka tun fitowa ta 4.12 a 2017, bisa aikin Josh Poimboeuf wanda ya haɗa dabarar kGraft da ta kpatch, kowane aiki yana da alamarsa, ko yana tsohuwar duniya ko yana sabuwa, kuma ftrace na duba alamar kafin ya juya shi. Ana sauya wa aiki alama ne kawai a inda aka tabbata ba ya cikin wani fankshin da facin ya shafa, misali sanda yake fita daga kanel zai koma manhajar sama, ko yana barci aka bi jerin kiraye-kirayensa kaf aka ga babu ko ɗaya a ciki. Bin jerin nan ma sai da aka yi masa aiki na musamman don a iya yarda da shi, in kanel bai tabbata jerin da ya karanto cikakke ba ne, ba ya ƙaurar da aikin, ya gwammace ya jira. Ni wannan halin ne ya sa na yarda da livepatch.

Abin da za ka yi, ka bi ta /proc ka duba fayil ɗin patch_state na kowane aiki, masu nuna 0 alhali ana saka faci su ne ba su ƙaura ba. Yawanci za ka tarar guda ɗaya ne ko biyu, suna barci a cikin fankshin ɗin da aka gyara suna jiran wani abu da bai zo ba. Kanel da kansa yana ɗan zungurar irin waɗannan lokaci-lokaci don su farka su fita, amma akwai masu taurin kai, musamman ayyukan kanel na kansa da ke ta maimaita zagaye ɗaya ba sa fita. In aikin na wata manhaja ce da za ka iya sake kunnawa, sake kunna ta kawai, shikenan. Force kuwa ma'anarsa ka ce wa kanel ƙaurar da kowa ko yana ina, na ɗauki alhaki, wato ka cire kariyar da na gama bayani da hannunka. Takardun kanel sun ce a nemi amincewar wanda ya haɗa facin kafin a yi, don shi ya san ko cakuɗa tsoho da sabo a wannan wurin zai yi illa, kuma bayan ka yi force ba za a ƙara iya cire mojul ɗin ba sai an yi ristatin.

TAMBAYA: Malam wai irin wannan taɓe-taɓen zai iya lalata na'urar kanta, ba manhaja kaɗai ba?

AMSA: Ya taɓa faruwa, kuma labarin ya cancanci a sani. A 2008, lokacin gwajin fitowa ta 2.6.27, masu gwaji suka fara kukan katin sadarwarsu na Intel mai amfani da direban e1000e ya mutu, mutuwar da ko an kashe an kunna ko an canza babbar manhaja ba ya dawowa. An ɗau makonni ana nema kafin a gano ftrace ne, wanda a lokacin sabo ne. A tsarinsa na farko yana tattara adireshin wuraren da zai yi wa faci yayin da kanel ke gudu, ya ajiye, can anjima ya dawo ya rubuta. To tsakanin ajiyewa da dawowa wani kod ɗin an riga an sauke shi daga memori, an ba da adireshin ga wani abu daban, kuma abin da ya gaji wurin shi ne tagar da ke kaiwa ga ɗan memorin dindindin na katin, inda saitinsa yake. Ftrace ya zo da tsohon adireshi ya taɓa wurin, saitin kati ya lalace. Bayan nan aka sake tsarin gaba ɗaya, jerin wuraren facin tun wajen harhaɗa kanel ake fitar da shi, kuma in mojul ya sauka ana share nasa, direban ma aka sa masa kariya daga irin wannan rubutun. Ka ga a nan ba kawuna ne suka yi karo ba, adireshi ne ya tsufa a hannun mai riƙe da shi.

TAMBAYA: Duk maganarku Linux ce, mu masu Windows fa?

AMSA: Kuna ciki. Microsoft ta kawo faci mai rai tun Windows Server 2003 SP1, kuma dabararta a tsarin bit 32 tana da kyau. Kowane fankshin yana farawa da umarni mai bayit 2 wanda ba ya yin komai, mov edi, edi, sannan a saman ƙofar an bar fili na bayit 5 da ba mai bi ta kai. In za a yi faci sai a fara rubuta dogon tsalle a filin nan, ba gaggawa tunda ba mai karanta shi, sannan a musanya bayit 2 ɗin da gajeren tsalle mai komawa baya zuwa filin, a bugu ɗaya. Matsala ɗaya ce da ta ƙanwarmu ta sama, kowa da yadda ya ɓullo mata. A yanzu akwai tsarin a Windows Server 2022 na Azure da Server 2025 da wasu nau'o'in Windows 11 na ma'aikatu, inda aka tsara ristatin sau 4 a shekara, Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, sauran watannin faci mai rai.

Amma wannan ƙofa ta Microsoft ce ita kaɗai. Tun 2005 nau'in bit 64 yake ɗauke da PatchGuard, mai zagayawa yana duba ko wani ya taɓa kod ɗin kanel ko muhimman teburansa, in ya ga an taɓa sai ya kifar da na'urar da shuɗin allo mai lamba 0x109. Da can manhajojin tsaro da na ɓarna duk suna cusa hannu a kanel yadda suka ga dama, kuma in biyu suka yi faci a wuri ɗaya ba wanda ya san da ɗan'uwansa, mai kwamfuta ke shan wahala.

TAMBAYA: Wayoyinmu ma haka ake musu?

AMSA: Sabuntawar waya da ka saba gani ba haka take ba, a Android da yawa ana rubuta sabon tsarin ne a wani ɓangaren ma'ajiya na biyu kana ta amfani da wayarka, sai ka yi ristatin ta tashi daga can. Amma kanel ɗin cikinta yana taɓa kod ɗinsa don wasu ayyukan. A ARM mai bit 64 kowane umarni bayit 4 ne daidai, kuma akwai 'yan umarnai irin su NOP da tsalle da kira da aka yarda a musanya ɗaya da ɗaya ana cikin gudu. Wahalarsu a wani wurin take, ma'ajiyar kusa ta umarni da ta bayanai a rabe suke, in ka rubuta sabon umarni dole ka tura shi ƙasa ka kuma goge tsohon daga ma'ajiyar umarni da kanka, in ba haka ba firosesa zai ci gaba da karanta na da.

TAMBAYA: Malam to tunda haka ne na huta da ristatin kenan har abada? Akwai sabar da nake alfahari da ita ta fi shekara biyu ba a kashe ba.

AMSA: A'a ɗan'uwa, kuma sabar nan taka ita ce ta fi damuna a duk saƙonnin yau. Faci mai rai fankshin yake musanyawa, ba komai ne fankshin ba. In gyara ya buƙaci a ƙara gurbi a cikin wani tsarin bayanai, to akwai dubban kwafinsa da aka riga aka shimfiɗa a memori da tsohon fasali, ba yadda za a buɗa su. An samar da dabarar rataya ƙarin bayanin a gefe tun 4.15, tana taimakawa, amma aikin hannu ne da sai ƙwararre ya zauna ya yi wa kowane gyara. Kod ɗin da ke gudu sau ɗaya lokacin tashi ya riga ya wuce, ko ka gyara shi ba abin da zai canza. Wanda ba shi da gurbin ftrace a ƙofarsa, kamar mashigar kanel da aka rubuta da harshen inji, ba ta inda livepatch zai kama shi. Kuma kwamfaila takan narkar da ƙaramin fankshin a cikin duk masu kiransa, gyaran layi ɗaya sai ya zama musanya fankshin goma, shi ya sa kayan haɗa kpatch ke harhaɗa kanel sau biyu, da gyara da babu, su kwatanta abin da ya fito. Saboda duk wannan, masu ba da facin suna zaɓar manyan ɓarakokin tsaro ne su bar sauran, sauran gyare-gyaren na shekara biyu duk ba su shiga sabarka ba.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa, facin a memori yake zaune. In wuta ta ɗauke yau, abin da ke kan faifai ne zai tashi, in ba ka sabunta kanel ɗin faifai ba kuma ba a saita facin ya sake hawa ba, ka koma gidan jiya da duk ɓarakokin a buɗe kai kana zaton a rufe suke. Sannan shekara biyu ana ta canza saiti a sabar nan ba a taɓa gwada ko za ta iya tashi ba, gara ka gano haka da rana kana zaune a gabanta da shirinka.

Ga abin da zan so ka yi a makon nan. Ka duba wane kanel ke gudu da wane ne a faifai, ka duba jerin facin da ke ƙarƙashin /sys/kernel/livepatch ka tabbata kowanne transition ɗinsa 0 ne, ka tabbata mojul ɗin facin masu sa hannu ne daga inda ka yarda da shi tunda duk wanda ya iya loda faci ya mallaki na'urar. Sannan ka je wurin masu ba da izini ku tsayar da rana, ka kwashe ajiyar bayananka, ka sa sabon kanel a faifai ka bar tsohon a jerin zaɓin tashi ko da sabon zai ƙi, ka kashe ta ka kunna kana kallon allo. In ta tashi lafiya ka rubuto ka gaya mana, in ta ƙi ka turo saƙon da ta nuna mu duba tare a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.